Ofishin akantocin da na kai wa takardun harajin shagona, abin da suka iya da abin da suka gaza

In dai haya kike a filaza ko kana kama da shagon bakin titi a garin nan, kuma takardun a biya kaza a biya kaza sun fara cika maka durowa har ba ka san wacce ce ta gaske ba, to ofishin nan da zan ba ku labari sun cancanci a je musu. Amma fa a je musu ne don a fahimci abu, ba wai ka damƙa musu komai ka koma ka kwanta ba, don akwai inda ƙarfinsu ya ƙare kuma zan faɗa. Ba zan ambaci sunansu ba kar a ce kuɗin talla na karɓa, irinsu suna da yawa yanzu a Kano, abin da zan faɗa zai yi maka amfani ko wani ofishin ka shiga.

Ni kayan kicin nake sayarwa, kuloli, fulas, tukwane, setin faranti, irin na amare dai, shago ɗaya ne a ƙasan bene a wata filaza, da yaron shago ɗaya da wata yarinya da ke taya ni amsa kwastomomin WhatsApp. Su kuma ofishinsu yana saman wani bene ne ta wajen Zariya Road, ɗaki biyu, fanka da sola, babu wani ƙyale-ƙyale, matattakalar ma a tsaye take sosai in kina da ciwon gwiwa ki shirya. Wajen ajiye mota babu, gara ki hau adaidaita ki huta. Mai wajen, wanda nake ce wa Malam, dattijo ne mai sanyin magana, da samari biyu masu aikin kwamfuta.

Abu na farko da ya yi, wanda shi kaɗai ma a wajena ya biya kuɗin da na ba shi, shi ne ya zazzage ledar takardun nan a kan tebur ya fara kasa su kashi-kashi. Wannan na gwamnatin tarayya, wannan na jiha, wannan na ƙaramar hukuma, wannan na mai ginin ne ba naki ba, sai wani ɗan tuli a gefe da ya tura da bayan biro ya ce "Hajiya waɗannan kuma ba na kowa ba ne, aljihun wani suka tafi." Wallahi sai da na ji wani iri. Rasit ne fa masu hatimi da komai, amma babu sunan ofis na gaskiya, babu lambar da za a bibiya, wani ma da biro aka rubuta kuɗin aka goge aka sake rubutawa.

Daga nan ya ɗauko wata tsohuwar doka ya nuna min, ta 1998 ce, zamanin Abdulsalami, wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati yake da ikon karɓa, an yi mata gyara a 2015. A ciki kuɗin shago da kiyos, da kuɗin shara, da kuɗin allon talla, da harajin gine-gine, da lasisin rediyo da talabijin duk an sa su a layin ƙaramar hukuma. Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane da rajistar wajen kasuwanci kuma na jiha ne. Harajin kamfanoni da VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, na tarayya. Ni duk a da gwamnati ɗaya na ɗauke su, duk wanda ya zo da riga mai ƙyalli da kati a wuya 'yan rebenu ne kawai. Ya ce a asalin dokar ta 98 rajistar wajen kasuwanci a cikin birni ba ta wuce N10,000 ba, sabuntawa kuma N5,000 a shekara, amma gyaran 2015 ya bar wa kowace jiha ta yanke nata, don haka kar in riƙe tsohon adadin in je ina musu da mutane. Kuma dokar nan ta hana kowa tare hanya don karɓar haraji, ta kuma ce hukumar da abin ya rataya a wuyanta ce kaɗai za ta karɓa. Wannan kam na sa shi ya maimaita min.

Wajen harajin jiha ya fi daɗewa, kuma nan ne na ga ya san aikinsa. Ni sunan kasuwanci kawai na yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ba kamfani ba ne limited, to ashe a idon doka ni da shagon mutum ɗaya ne, harajina na ɗaiɗaikun mutane ne kuma hukumar tattara haraji ta jiha wato KIRS ce take da ni, ba Abuja ba. Kuma a kan riba ake lissafawa ba a kan ciniki ba, wannan shi ne abin da 'yan kasuwarmu da yawa ba su gane ba suke ta ɓoye-ɓoye da taransifa. Kuɗin hayar shagon da nake biya duk shekara ana cire shi daga lissafi tunda kashe shi aka yi don kasuwar, haka albashin yara, haka kuɗin wuta da man janareta, haka kuɗin dakon kaya daga Sabon Gari ko Ƙofar Wambai, in dai akwai shaida. Abin da ya rage shi ake dubawa. Sabuwar dokar harajin da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, a cikinta N800,000 ta farko a shekara babu ko sisi a kanta, daga nan miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, sai ya riƙa hawa har ya tsaya a kashi 25 ga masu sama da miliyan 50. Ya yi min misali a bayan ambulan, ya ce a ce ribar mutum tsantsa miliyan 2 ce a shekara, a cire dubu ɗari takwas saura miliyan 1.2, kashi 15 ɗinta N180,000 kenan. Kuɗi ne ba wasa ba, amma ai gara ka san adadin da ka zauna a yanka maka a ka. Don in ba ka da littafi ba ka da rasit, su za su ƙiyasta maka da kansu, su kalli girman shago da kayan da ke kan kanta su rubuta, kuma mai kayan kicin irina kanta kullum a cike take da ƙyalli alhali rabin kayan na bashi ne. In takardar ƙiyasin ta zo kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, in ka yi shiru suka wuce to ka amince kenan. Sannan takardar bayyana kuɗin shigarka ta shekara ana shigar da ita ne kafin ƙarshen Maris.

Akwai rangwamen haya ma a sabuwar dokar, kashi 20 na hayar shekara amma ba zai wuce N500,000 ba, sai dai ya ja kunnena cewa wannan na gidan da mutum yake kwana ne, kar in haɗa shi da na shago, na shago hanyarsa daban kamar yadda na faɗa a sama. Na ga mutane suna ta cakuɗa su a hira shi ya sa na kawo.

Na tuna masa maganar da baffana yake yi kullum in an taɓo zancen nan, wai ai Rimi ya soke haraji tun 1979 me kuma ake nema. Ya yi dariya ya ce gaskiyar Baffa ne, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau gwamna, amma wancan kuɗin kai ne da dagatai da masu unguwa suke bi gida-gida suna karɓa a kan kowane baligi da na shanu, ba shi ne wannan ba. Har yau dai akwai dattawa a Kurmi da ba za ka iya gamsar da su ba.

To amma inda suka fi yi min rana shi ne takardar yarjejeniyar haya. Lokacin sabunta haya ya zo, ejan ɗin filazarmu ya kawo sabuwar takarda da Turanci shafi huɗu ya ce a sa hannu kafin Juma'a, ni kuma tana cikin ledar da na tafi da ita. Malam ya karanta ta layi-layi sai ya tsaya a wani waje ya sa mata jan biro. An rubuta cewa ɗan haya ne zai ɗauki duk wani haraji da kuɗin hukuma da ya shafi ginin, na yanzu da wanda zai zo nan gaba. Ya ce Hajiya kin san me wannan yake nufi? Kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara a kan fili, wanda KANGIS, hukumar jiha mai kula da bayanan filaye, take bi, wannan na mai takardar mallakar filin ne, sunansa ne a kan satifiket ba naki ba. In kika sa hannu a haka ranar da aka zo masa da bashin shekaru zai raba muku ku 'yan haya ya ce ga sa hannunku. Shi kuma harajin ginin na ƙaramar hukuma ya ce wannan a zauna a yi magana a rubuta ƙarara wa zai biya, don a nan ne ake yawan rigima, mai gini ya ce na wanda ke ciki ne, na ciki ya ce ai ginin ba nawa ba ne. Sannan ga kuɗin hidima da muke biya daban duk shekara, wai na maigadi da shara da fitilar waje, amma duk da haka ana zuwa mana da takardar kuɗin shara shago-shago. Ya ce a sa a rubuta abin da kuɗin hidimar ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, in shara tana ciki to ejan ya riƙa ba mu kwafin rasit ɗin da ya biya mu manna a bango.

Shi ya rubuta min gyaran a takarda na kai. Ejan ya ɗan yi ƙunƙuni wai ni kaɗai ce mai ido a filazar, amma da maganar ta je wajen Alhaji mai ginin bai ja ba, ya ce a cire kuɗin ƙasa, harajin gini kuma a raba. Ni ina ganin da yawan masu ginin nan ba su ma karanta takardun ba, lauya ne ya ba su wata tsohuwa ake ta buga kwafinta ana canza suna. Shawarata a nan, in za ka je irin wannan ofishin ka je kafin ka sa hannu ka biya kuɗin shekara, bayan ka biya sai dai haƙuri da addu'a.

Maƙwabciyata mai shagon abaya ita limited ta yi, shi ya sa na tambaya mata zancen kashi 10 da ake cewa a cire daga kuɗin haya. Ya ce haka ne, kamfani in zai biya haya doka ta ce ya riƙe kashi 10 ya kai wa hukumar haraji da sunan mai ginin, ba ƙarin kuɗi ba ne, harajin shi mai ginin ne ake biya masa tun gaba a ba shi shaida. Amma je ka faɗa wa Alhaji cewa a miliyan 3 ɗinsa za ka riƙe dubu 300 ka ga yadda fuska za ta canza, sai ya ce a ƙara a kai, ka ga hayar ta tashi kenan. Mutum ɗaya mai kasuwanci da kansa irina ba a ɗora masa wannan aikin ba, kuma dokar da aka fitar a 2024 ta sassauta wa ƙananan kamfanoni in abin da za su biya mutum a wata bai wuce miliyan 2 ba kuma shi wanda za a biya yana da lambar haraji. Sai kuɗin hatimi a kan takardar haya, masu tunawa za su tuna hayaniyar 2020 da hukumar haraji ta tarayya wato FIRS ta ce kashi 6, gari ya ɗauka, daga baya suka fito suka ce kashi 6 ɗin na hayar da ta haura shekara 21 ce, ta ƙasa da shekara 7 kashi 0.78 ne. Ita FIRS ɗin ma yanzu sunanta ya koma NRS. VAT kuwa kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, amma tun a lokacin an ɗauke wa wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 25 ba nauyin karɓa da kaiwa, sabuwar dokar ma ƙara faɗaɗa rangwamen ƙananan 'yan kasuwa ta yi, ya duba littafina ya ce ki manta da wannan tukuna. Minti biyu muka yi a kai muka wuce.

Yanzu bari in zo inda ban ji daɗinsu ba, don ba duka ne zuma ba.

Harkar ƙaramar hukuma ba su iya ta ba, ko kuma ba sa so. Na lura duk abin da za a yi a kwamfuta a biya a banki a fitar da rasit nan da nan suke gama shi, amma da zarar an ce a taka a je sakateriya a tambayi nawa ne ainihin kuɗin shago irin nawa da kuɗin allon da ke saman ƙofata, sai a fara gobe jibi. Alhali mu ƙananan 'yan haya nan ne ciwonmu yake. Harajin jiha sau ɗaya ne a shekara ka san da zuwansa, amma masu ƙananan takardun nan su ne suke shigo maka ana tsaka da ciniki amarya da ƙawayenta suna zaɓen kula, su tsaya maka a ƙofa da kwaɗo a hannu. Kuma cikin birnin nan kaɗai ƙananan hukumomi takwas ne, Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso, titi ɗaya ma sai ka ga wannan hannun na wata ne ɗaya hannun na wata, to wanda ya ce shi mai ba da shawara ne kan haraji a Kano ai ya kamata a ce yana da jadawalin kowacce a fayil. Ba su da shi. Ƙarshe ni da yaron shagona muka je da kanmu muka tambayo.

Ranar da wasu suka zo da takardar da ban gane kanta ba suna cewa ko a biya yanzu ko a rufe, na kira lambar ofishin ta yi ta ringin ba a ɗauka ba, na kira ta Malam a kashe. Abin da ya cece ni shi ne abin da ya riga ya koya min, na ce su ba ni takardar neman biya mai sunan shagona da lambar asusun gwamnati in je banki da kaina, ba na ba da kuɗi a hannu kuma ba na taransifa zuwa asusun mutum. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo min wata lamba na buga a waya sai ga sunan wani mutum ya fito, na nuna masa na ce wannan ce gwamnatin? Suka ɗan yi surutu suka ce za su dawo, har yau. To ilimin nasu ya yi aiki, amma ni na ɗauka kuɗin shekarar da na biya ya haɗa da a ɗaga waya in wuta ta kama. Da yamma ya kira ya ba ni haƙuri wai yana wajen wani taro. Na karɓa amma na riƙe.

Watan Maris kuma kar ma ka je. Cika suke yi maƙil da masu neman takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku saboda kwangila, mu masu ƙaramin fayil sai a tura mu wajen samarin, su kuma samarin akwai gaggawa, ɗaya ya tura min wani jadawalin kwamfuta da Turanci wai in riƙa cike cinikin kullum a ciki. Na ce ɗana ni littafi mai bangon kwali nake da shi da biro, ka tsara min yadda zan ja layi a ciki. Sai da maganar ta koma wajen Malam sannan aka zana min a takarda, shigowa, fita, bashi, da wajen manna rasit, kuma shi nake bi har yanzu, yaron shago ma ya iya. Duk rahoton da suke bayarwa da Turanci ne, bayanin baki ne kawai da Hausa, to in ka dawo gida ka manta shikenan. Na ce masa Malam kwastomominka 'yan Kwari ne da Singa da Farm Centre, me zai hana ka buga ko shafi ɗaya ne da Hausa? Ya ce ana kan yi. Muna jira.

Sannan sun ɗan matsa min in mayar da shagon limited, wai ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin kamfani. Gaskiya ne, amma ba su fara da faɗa min cewa kamfani dole duk shekara ya shigar da bayanai a CAC da hukumar haraji ko da bai ci riba ba, kuma su ɗin dai za a biya su yi, sai da na tambaya. Ban ce cuta ba ce, kasuwarsu suke nema, amma shago ɗaya mai yara biyu ban ga abin da zai kai ni ba yanzu.

Kuɗinsu na shekara ya yi kusan daidai da hayar shagona ta wata ɗaya in an raba, ya haɗa da lissafin riba da shigar da takardar shekara da duba yarjejeniya. Rajistar CAC da neman takardar shaida kuɗinsu daban, ka tambaya tun farko. Ana ragi in ka yi ciniki, ni na yi an rage. Abin dariyar shi ne mutumin da ya yini yana min wa'azin kar in ba da ko naira ba rasit, da na biya shi sai da na ce Malam ina nawa rasit ɗin, aka hau laluben littafi a durowa.

In za ka je ka tafi da takardar haya ta yanzu da tsohuwa, da duk wani rasit ko ya yage, da bayanin asusun banki na shekara har da na POS, da takardar CAC in akwai, da lambar NIN tunda yanzu da ita ake haɗa lambar harajin mutum. Wanda yake da tebur a kasuwa yana biyan kuɗin ƙungiya da na hukumar kasuwa kawai ban ga buƙatarsa da su ba sosai, shugabannin layinsu sun fi su sanin wannan. Amma mai shago a filaza ko bakin titi da yake biyan hayar miliyan zuwa sama da allo a saman ƙofa, ya je ko da zama ɗaya ne ya biya kuɗin shawara. Ni zan sabunta da su baɗi, sai dai a Janairu zan kai littafina kafin cunkoso, kuma na riga na faɗa masa sai an rubuta a takardarmu cewa zuwa sakateriyar ƙaramar hukuma yana cikin aikin, in ba haka ba a rage kuɗin.